Dusar da Aka Ci da Hular Zailani

"…Lafiya ƙalau, bawana, sai godiyar Allah. Ya Gumel? Ya sauran bayin nawa, suna nan suna lasar gishiri?"

"Ka ji ɗan Fillo! Mutum bai gama amsa sallama ba an fara zaginsa. Gumel tana nan lafiya, kuma babu wanda ya tambaye ka."

"Tsoro ne ya hana su. Ka gaishe su, ka ce ina nan tafe karɓar haraji."

A rumfar Dogo mai awo ake wannan gaisuwa, a kasuwar Maigatari, ranar Alhamis da hantsi, cikin bazarar shekarar da ta biyo bayan canjin kuɗi, wadda fari ya share dabbobin ƙasar. Mai kiran mutane bayi shi ne Gudaji, Bafillace makiyayi. Wanda ake kira bawan kuwa Zailani ne, Bamangen Gumel, mai fataucin fatu da ƙiraga zuwa Kano. Wasa ne tsakanin Fulani da Mangawa tun kaka da kakanni, kowa na cewa shi ya sayi ɗan'uwansa, kuma duk abin da aka faɗa ba a riƙe shi a zuci. Su biyun nan a bakin iyayensu suka tsinci wasan, suka ƙara masa yaji.

Sai dai yau bakin Zailani ne kawai ke wasa, ransa a jagule yake.

Yana da wata al'ada tsakaninsa da Dogo. In yana bukatar hatsi ba ya zuwa da kansa, hularsa yake aikawa, wata tsohuwar damanga mai ƙunar taba a gefe. Duk wanda ya zo da ita Dogo ya auna masa ba tambaya, in Zailani ya dawo daga Kano su daidaita. To, ranar cika-ciki da ta wuce, lokacin da abokan wasa ke bin juna kuɗin shara, Gudaji ya fizge hular nan daga kansa a tsakiyar kasuwa, ya ce sai an fanshe ta. Zailani kuwa, don kada a ce Fillo ya ci shi, ya ce ya riƙe, dama ta tsufa. Ya sayi sabuwa, ya nuna wa Dogo, ya ci gaba da aike da ita. Abu ɗaya ya manta, bai ce wa Dogo tsohuwar ta daina aiki ba. Mutum mai wayon da ke ƙirga fata da ido ɗaya, amma nan wayon ya tafi kiwo.

Sai da bashin ya yi nauyi ya tambaya, Dogo ya ce masa ai kowace Alhamis Fillonsa na zuwa da tsohuwar hular, a auna masa rabin buhun dusa da ɗan kanwa. Zailani ko akuya ba shi da ita a gida. Kuma ya san Gudaji ba shi da abin da zai ci dusa, don duk ranin nan ƙiragan da ke ɗauke da shaidar wutar gidan Gudaji ta hannunsa suka bi, ɗaya bayan ɗaya, dillalai na kawo masa a arha. Yana gani yana kau da kai. Shi ya sa ma ya daɗe yana kauce wa mutumin a kasuwa. To mutumin da garkensa ya ƙare, me yake yi da dusa? Ko dai sayarwa yake yi a tsallaken iyaka, wanda cin amana ne, ko kuma iyalinsa ne ke ci. Zailani bai san wanne ya fi ba shi tsoro ba.

Gudaji ya sa hannu a aljihu, ya zaro hular, ya kaɗe ta, ya kifa ta a kan mudun Dogo.

"Dogo, auna."

"Tsaya!" in ji Zailani. "A gabana ma? Kai ko kunyar idona ba ka ji?"

"Kunyar me? Yaushe ubangida ya fara jin kunyar bawansa?"

"Hular wa ce wannan?"

"Tawa ce. Kan da ke sa ta ma nawa ne, aro na ba ka. Kakana ya sayi kakanka da ƙwaryar nono ɗaya, tsamamme ma, har aka ba shi canji."

'Yan kasuwar da ke kusa suka fara matsowa, don an san in waɗannan biyun suka haɗu ba a rasa abin dariya.

"Ƙarya kake yi," in ji Zailani. "Kakana ne ya tsinci kakanka a gindin kalgo yana kuka, wai ɗan maraƙi ya harare shi. Ya goya shi har gida, ya koya masa cin tuwo. Kafin nan ganye kuke ci tare da shanu."

"Ku da aka tsattsage muku fuska don kada ku ɓace a kasuwa?"

"Ku da in saniya ta yi atishawa sai ku yi mata addu'a, in matarku ta yi ku ce ta firgita garke?"

"Bamange ne zai yi mini maganar mata? Mutumin da in ya ga kantun gishiri sai ya tsuguna ya gaishe shi, ya tambaye shi mutanen gida?"

"Gishirin dai shi ya raine ku. Ba don mu ba da har yanzu lami kuke sha kuna kallon sama."

Aka kwashe da dariya. Dogo ne kaɗai bai yi ba. Shi mutum ne da bai iya wasa da awo ba, kuma shekarar ba ta wasa ba ce. Ya ɗauke hular daga kan mudunsa, ya riƙe ta a hannu.

"Malam Zailani, ni ba Bamange ba ne, ba Bafillace ba, mai awo ne ni. Magana ɗaya nake so a gaban mutanen nan. In kai kake aiko shi, ka ce kai ne, ka biya, mu ci gaba. In ba kai ba ne, ka faɗa yanzu in kai maganar gaban Sarkin Kasuwa. Wanda ya ci kaya da hular wani ba da izininsa ba, kowa ya san sunansa."

Dariyar ta ɗauke. Kowa a wurin ya san abin da hakan ke nufi. Makiyayin da aka kira ɓarawo a kasuwar Maigatari ya gama yawo, ba mai sake ba shi ko tunkiya kiwo daga nan har Damagaram. Ga mutumin da ba shi da sauran garke, wannan ne kaɗai abin da ya rage masa.

Zailani ya dubi Gudaji sosai, abin da ya yi watanni yana gudu. Dama siriri ne, amma yanzu rigar kamar a jikin sanda aka rataye ta. Wuyansa ya zurma, idanun sun faɗa. Murmushin nan na rainin hankali ne kawai bai rame ba.

"Kai Fillo," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "wa ke cin dusar nan?"

"Wani babban mutum ne, ya fi ka daraja nesa."

"Ba wasa nake yi ba."

"Ni ma. Kafin ka amsa wa Dogo, zo ka gan shi da idonka. In ka gani ka ce ni ɓarawo ne, ba sai an kama ni ba, da ƙafata zan je wurin Sarkin Kasuwa."

Dogo ya ce ya ba su zuwa watsewar kasuwa, amma ko tafin hannu ba zai auna ba sai ya ji amsa. Ya cusa hular a ƙarƙashin tabarmarsa ya zauna a kai.

Suka fita hannu wofi, suka yi yamma da gari, ta hanyar da ke zuwa Sule Tankarkar. Rana ta take. Da farko bakunansu ba su huta ba.

"Ɗaga ƙafa mana, Bamange. Tafiya kake yi ko birgima?"

"Ni mutum ne mai nama a jiki. Kai da iska ke ɗauka, ina ka san nauyin tafiya?"

"In ka faɗi ba zan ɗauke ka ba. Fatarka dai zan jeme in kai Kano."

"Ba za ta shiga hannunka ba, fatar manya ce."

Amma da suka yi nisa, wasan ya fara tsinkewa da kansa. Hagu da dama ƙasusuwa ne, wasu sun yi fari fat, wasu da sauran busasshiyar fata a manne. Ungulaye sun ƙoshi har ba sa tashi in mutum ya zo wucewa. Itatuwa duk an sassare rassansu an ba dabbobi, sun tsaya tsirara. Zailani a rumfa yake karɓar ƙiraga, a naɗe, a bushe, bai taɓa tako wurin da ake samo su ba. Ya ji kunya ta rufe shi. Gudaji bai dubi ko ɗaya ba, gabansa kawai yake kallo.

Rugar Gudaji bukkoki biyu ce a gindin wata aduwa. A gabanta fili ne mai faɗi inda garke ke kwana a da, yanzu sai turaka a jere ba komai a jikinsu.

"Ina babban mutumin naka?"

"Yi ladabi. Cire takalmi in kana da tarbiyya."

Gudaji ya zagaya da shi bayan wata zana da aka kafa don inuwa, ya ɗage ta gefe.

Zailani ya tsaya cak.

Saniya ce. Ja ce jawur, mai dogayen ƙahoni, tana tsaye da ƙafafunta huɗu ba wanda ya tallafe ta. Tozonta a miƙe. Ba a ganin haƙarƙarinta. Gashinta na sheƙi, tana tuƙa a natse, tana kaɗa jela, sai ka ce ba ta ji labarin abin da ya sami duniya ba. Ta juyo ta dube su da manyan idanunta, ta miƙo hanci tana shinshinar hannun Gudaji, tana neman abin da ya saba kawo mata ranar Alhamis.

"La ilaha illallahu," in ji Zailani. "Ikon Allah. Ikon Allah!"

Bai san sanda ya matsa ba. Ya ɗora tafinsa a kan wuyanta, ya ji ɗumi, ya ji fatar na motsi a ƙarƙashin hannunsa. Wata da watanni ba abin da hannun nan ya taɓa sai fatar mushe. Ya ji kamar ya tsuguna, shi da ko a gaban hakimi sai ya ga dama. A ƙasar da ko ciyawar sa wa a ido babu, ga rai a tsaye cike da ƙoshi, kuma ya rasa abin da zai ce sai sunan Allah.

"Rufe bakin mana, ƙuda zai shiga," in ji Gudaji. "Ba ka taɓa ganin saniya ba? Ko sai an feɗe ta kake gane ta?"

"Gudaji, wannan daga ina? Aljanu ka yi wa kiwo?"

"Kai da karatun fata ne sana'arka, karanta mana."

Zailani ya duba cinyarta, ba shaidar wuta. Ya kama kunnenta na hagu, ya ga tsaga biyu. Ya kama na dama, an yanke bakinsa a karkace. Hannunsa ya tsaya a wurin. Wannan ba shaidar Fulani ba ce, ta gidan su Zailani ce. Lokacin da aka yi masa kaciya, mahaifiyarsa Mariyamu, Allah ya ji ƙanta, ta saya masa karsana ta damƙa wa mahaifin Gudaji kiwo. Ta hayayyafa, aka sayar da wasu aka yi masa aure, aka sayar da wasu ya ja jari. Ya san akwai ragowar guda ɗaya a garken. Da fari ya zo ya sa ta cikin matattu, don wane marar kunya ne zai je wa mutumin da ya rasa garke da tambayar saniyarsa ɗaya?

"Tawa ce?" ya ce a hankali.

"Jikar jikar karsanar Inna Mariyamu. Dubi yadda take ci ba ta godiya, ai ka san jininku ne."

"Duk dusar nan…"

"Cikinta ta shiga. Saniyarka, dusarka, hularka. Ni ɗan dako ne kawai, kuma ban ga ladan dakon ba, don Bamange bai san alheri ba."

Zailani ya juya. Idonsa ya sauka a kan wani turke da ke gefen na saniyar, tazararsu ba ta fi taku kaɗan ba. Igiyarsa na nan a ɗaure, ƙasar wurin a tattake, da alamar kwanciya.

"Wannan turken fa?"

Murmushin Gudaji ya ɗan dusashe. Ya gyara sandarsa a kafaɗa.

"Na Wule ne."

Duk wanda ya san Gudaji ya san Wule, saniyar nan mai farin goshi da ke jan garkensa. Ba ya zama a wuri bai yi zancenta ba. Zailani kansa ya sha zolayarsa cewa da ita ya kamata a ɗaura masa aure.

"Tana ina?"

"Ita ce ta ƙarshe. Ta yi ƙoƙari. Kullum da safe ni da matata A'i mukan sa itace mu ɗaga ta, ta tsaya. Ran nan muka ɗaga, ta ƙi."

"A nan take ɗaure? Gefen wannan?"

"Inuwar ɗaya ce."

"Kana zuba wa wannan dusa, Wule na kallo?"

"A'a. Nakan juya ta ta kalli gabas tukuna."

Zailani ya ja da baya. Ya dubi turken, ya dubi saniyar, ya dubi mutumin da ke tsaye a gabansa yana magana kamar labarin wani yake bayarwa. Sai fushi ya taso masa, irin fushin da mutum ke yi in abu ya fi ƙarfin tunaninsa.

"Kai mahaukaci ne! Wallahi Fulani ba ku da hankali! Rabin buhu fa! Da ka raba musu, ko tafi ɗaya ne ka ba ta, wa zai sani? Wa ya gan ka a dajin nan?"

"Wanda ya gan ni ya gan ni."

"Ni zan hana ka? Ni?"

"Ban tambaye ka ba, balle ka ba ni. Abin da aka auna da sunanka na dabbarka ne. Da na ɗiba na ba tawa, da yau Dogo ya yi gaskiya a kaina, ni kuma da ban iya kallon idonka na kira ka bawa ba."

"To me ya hana ka tambaya? Gumel ƙarshen duniya ce?"

"In roƙi bawana? Allah ya kiyaye." Sannan ya ƙara. "Kuma kana tsammanin ban sani ba? Kana sayen ƙiragan shanuna, in ka hango ni a kasuwa sai ka shige rumfar masu tabarma. Na ce in na tunkare ka kunya za ta kashe ka, in yi asarar bawa a kan asarar shanu."

Zailani ya sunkuyar da kai. Ya zo ne da shirin tuhuma, ya ƙulla maganganun da zai faɗa tun daga Gumel, ga shi ko ɗaya ba ta da amfani. Shekara da shekaru yana zolayar mutumin nan da rowa da tsoro da son saniya fiye da mutum, bai taɓa sanin da wa yake wasa ba. Tsoronsa ma ya ji, irin tsoron da ake ji in an tsaya a bakin rijiya mai zurfi.

A'i, matar Gudaji, ta fito daga bukka, ta tsuguna daga nesa ta gaishe shi, ta ajiye 'yar ƙwarya a ƙasa ta koma. Zailani ya leƙa.

"Nono? A shekarar nan?"

"Sha, ba guba ba ce. Nonon kam na sha, ni da iyalina, wannan haƙƙin makiyayi ne, ko alkali ya sani. Shi ya riƙe mu. In kana so ka kai ƙara a kansa, sai ka fara matse cikina."

"Saniya ba ta nono sai da ɗa, Fillo. Kada ka raina mini hankali."

"Au, ashe ka san wani abu game da mai rai."

Ya ja shi zuwa bayan bukka. A can aka shimfiɗa dangwali, doguwar igiyar nan mai madaukai da ake ɗaure maruƙa a jere. Madaukan duk a sake suke a ƙasa, da yawansu, har ƙarshen igiyar. A na ƙarshe ne kawai akwai wuya. 'Yar maraƙa ce ja, ƙafafunta sun fi jikinta tsawo, kunnuwanta a miƙe. Ta ga mutane ta yi tsalle gefe, ta dawo ta kama bakin rigar Zailani tana tsotsa.

"Subhanallahi," in ji shi. "Haihuwa? Ana mutuwa ko'ina, ita haihuwa ta yi?"

"Ta gaji taurin kanku."

Zailani ya tsuguna. Ya shafa goshinta, ya duba kunnuwanta. Lafiyayyu ne, ba tsaga ba yanka.

"Ba ka yi mata shaida ba."

"Mai abu ke yi wa abinsa shaida."

"Sunanta wa?"

"Ba ta da suna."

"Bafillace da maraƙa ba suna? Ku da kuke raɗa wa saniya suna kafin ku raɗa wa ɗanku?"

"Ba a raɗa wa abin wani suna," in ji Gudaji, ya kau da kai. "In ka raɗa, ranar da mai shi ya zo ɗauka sai ka ji ciwo."

Zailani ya miƙe. Ya kurɓi nonon, ya goge baki, ya yi gyaran murya, ya nemo muryarsa ta kasuwa da ƙyar.

"To, saurara, ɓarawon hula. Yanzu za mu koma in gaya wa Dogo a gaban kowa cewa da izinina kake zuwa."

"Ƙarya za ka yi a tsufanka?"

"Ba ƙarya ba ce. Saniyata ta aike ka, kuma ta fi ni hankali, na amince da aikenta. Daga yau a cika buhun, a ɗora gero a kai."

"Geron na wa? Ita ba ta cin gero."

"Na masu ɗaukar dakonta ne. Ba na son a ce ɗan dakona ya faɗi a hanya da kayana."

"Ban karɓar sadakar Bamange."

"Wa ya ce sadaka ce? Ba kai ka ce kana tafe karɓar haraji ba? To ga shi, ka ƙi karɓa mu gani."

Gudaji ya kau da kai yana gyara sandarsa.

"Saura hukuncinka," in ji Zailani. "Ka ci kaya da hulata ba ka gaya mini ba, wannan ba zai tafi a banza ba. Uwar tawa ce, ka ci gaba da yi mata bauta. Amma wannan abar," ya nuna maraƙar da ƙafa, "ba na so. Dubi ƙafafunta kamar sillen kara. Dubi wuyanta. Wannan ai Bafillata ce sak, in na kai ta Gumel dariya za a yi mini. Ka riƙe abarka. Ita da duk abin da za ta haifa, kada in sake jin an jingina mini su."

Gudaji bai motsa ba.

"Zailani," ya ce. Bai taɓa kiransa da sunansa ba sai yau. "Mace ce fa. Ka san abin da maraƙa mace take a shekarar nan?"

"Na sani. Garke ce. Shi ya sa nake so ta zama wahalarka, ba tawa ba."

Bafillace ba ya kuka a gaban mutane, ko da wuta ake ƙona shi. Gudaji ya juya baya, ya daɗe yana gyaran wani madauki da ba abin da ya same shi. Zailani ya ga kafaɗunsa na rawa, ya ɗaga kai yana nazarin rassan aduwa kamar an ba shi aikin ƙirga su. Can Gudaji ya jingine sandarsa, ya durƙusa a gaban maraƙar, ya kama kunnenta da hannu biyu, ya sa bakinsa ya yi mata raɗa.

"Me ka ce mata?"

"Suna na raɗa mata."

"Tun yanzu? Wane suna?"

Gudaji ya ɗago. Idanunsa sun yi ja, amma murmushin nan ya dawo wurinsa.

"Bamangiya."

"Bamangiya! Don me, don Allah?"

"Don kullum da safe in sa wa Bamangiya igiya a wuya, in ce ta tashi ta tashi, in ce ta kwanta ta kwanta. 'Ya'yanta da jikokinta ma haka, har garke ya cika."

Dariya ta ƙwace wa Zailani, ya yi ta yi har ya dafa bukka, har ya sa hannun riga yana share ido, shi kansa bai san ko na dariyar ne ba. Da ya samu numfashi ya dubi mutumin da ke durƙushe a ƙarshen dangwalin, hannunsa a wuyan maraƙar.

"Ɗaure ta, ubangidana," ya ce. "A hannunka ba za ta kwana da yunwa ba."